FILIN KAYAN AIKI: Ba tsufa ke kashe mobileti ba



Kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure, an sa a rumbu. Wanda ya samu wake ko gujiya ya kai kasuwa, ƴan kuɗi sun shiga aljihu. A irin wannan lokaci ne magidanta da yawa ke tunawa da wata tsohuwar mobileti da ke jingine cikin zaure ko bayan rumbu, kaji na kwana bisa kanta. Wata gadon mahaifi ce. Wata kuwa malamin gona ko malamin makaranta ne ya sayar da ita tun da daɗewa. Sai maigida ya tsaya yana tambayar kansa: a gyara ta, ko a ba masu sayen tsohon ƙarfe su auna ta a kilo?

Maganar ba ƙarama ba ce. Wanda ya shiga gyara ba da sani ba, yana iya zuba kuɗin hatsin iyali cikin rami. Wanda kuma ya yi gaggawar sayarwa, yana iya rabuwa da abin hawa mai kai mara lafiya likita, mai kai nono da ƙwai kasuwa. Abin da ya kamata a sani shi ne: mobileti ba ta cika mutuwa don tsufa ba. Abu biyu ke kashe ta: mugun mai, da kayan gyaran da ba nata ba.

DAGA INA TA FITO?

Wani kamfani na ƙasar Faransa mai suna Motobécane ne ya fara ƙera ta a shekarar 1949. Ya sa mata suna Mobylette. An ƙera fiye da miliyan 14. A farkon shekarun 1980 kamfanin ya karye. A 1984 aka tashe shi da sabon suna, MBK, kuma a 1986 kamfanin Yamaha na Japan ya karɓe shi. A 2002 aka daina ƙera mobileti a Faransa. Ke nan duk wadda aka ƙera can ta wuce shekara 20, wasu ma sun wuce 50.

Da ta yi suna, sai mutane suka riƙa kiran kowane ƙaramin babur mai feda da sunan mobileti. Alhali akwai wata ta kamfanin Peugeot, mai lamba 103, wadda ta fito a 1971. Daga nesa sun yi kama. A ciki kuwa kowace da kayanta. Tunkiya da akuya garke ɗaya suke kiwo, amma ba a ba ɗan akuya sunan rago. Mai mobileti ya fara sanin wace iri ce tasa. Sunan yana rubuce a jikinta, lamba kuma tana buge a jikin inji.

Yau babura na ƙasar Sin da na Indiya ne suka cika hanya, daga ƴan kabu-kabu har ƴan kasuwar ƙauye. Sun fi ta gudu, sun fi ta ɗaukar kaya. Amma tsohuwa tana da nata alheri. Nauyinta kamar rabin buhun hatsi ne, in ta kafe cikin rairayi mutum ɗaya ya fid da ita. Ba ta da giya, ba ta neman batir. Lita 2 zuwa 3 na isar ta tafiyar kilomita 100. In mai ya ƙare a daji, akwai wani maɓalli a jikin faifan da ke jan sarƙa. In an juya shi, inji ya saki, sai a tuƙa ta da ƙafa kamar keke har a kai gari.

MAI SHI NE ABINCINTA

Injin mobileti ba shi da tukunyar man inji daban. Cikin esansi ake zuba masa man, a gauraya, shi ne ake kira melanji. Wannan man ne ke shafe fistan da sauran ƙarafan ciki. In babu shi, ƙarfe ya goga ƙarfe, ya yi zafi, fistan ya kame cikin silinda. Tafiya kaɗan da esansi zalla ta isa ta kashe injin da ya yi shekara 30 yana aiki.

Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 4 cikin 100. Ga yadda lissafin yake:

Lita 1 ta esansi: mililita 40 na man inji.
Lita 5 na esansi: mililita 200.
Lita 25 na esansi: lita 1.

Makiyayi ya san sirinjin allurar bisashe. Sirinji mai lamba 10, in an cika shi sau 4, ya ba da mililita 40. A keɓe guda don wannan aiki kaɗai, kada ya sake komawa jikin dabba. A gauraya cikin kwalba ko jarka, a girgiza sosai, sannan a zuba a tanki.

Man da ya dace shi ne wanda aka rubuta 2T a jikin gwangwaninsa. Wasu don neman sauƙi suna zuba tsohon baƙin mai da aka juye daga mota. Wannan ba sauƙi ba ne, domin cike yake da garin ƙarfe da toka. Mai yawa kuma ba gata ba ne: yana sa hayaƙi, ya baƙanta buji, ya toshe salansa.

Esansi na kwalba da ake sayarwa bakin hanya, a ɗaga kwalbar a duba ta da hasken rana. In da ruwa, ƙasa yake kwanciya. In da datti, za a gan shi. A tace da tsumma mai tsabta kafin a zuba.

Wannan magana ta melanji ba ta shafi kowane tsohon babur ba. Honda mai suna Super Cub, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, tana da tukunyar man inji daban. Ita esansi zalla take sha, sai dai a riƙa juye tsohon mai a zuba sabo. Kowa ya tambayi irin injinsa kafin ya zuba.

IN TA ƘI TASHI

Inji yana bukatar abu uku: wuta, mai da iska. In mobileti ta ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya rasa. Kada a fara da kwance inji. A fara da mai sauƙi.

Na ɗaya, buji. A kwance shi a duba bakinsa, domin shi ne ke faɗin lafiyar inji kamar yadda ido ke faɗin lafiyar saniya. In bakin ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne, da danshi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In fari ne fat, inji na shan zafi, mai bai isa ba, kuma wannan shi ne mai haɗari. A goge shi. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan bakinsa kada ta wuce rabin milimita, wato kamar kaurin farcen babban yatsa. A sa masa wayarsa, a jingina shi da jikin inji, a juya feda. In wuta shuɗiya ta yi tsalle, wuta na nan. A yi wannan nesa da esansi.

Na biyu, mai. A zare tiyon da ke zuwa daga tanki a ga ko mai na zuba. In yana zuba, sai a duba karbirato, wato ƴar tukunyar da ke haɗa mai da iska. A cikinta akwai wata ƴar kusa ta tagulla mai ƙaramin rami. Tsaba ɗaya ta rairayi na toshe shi. A kwance ta, a wanke da esansi, a hura da famfon keke. Kada a soka allura ko waya. Ramin zai faɗaɗa, daga nan mobileti ta dinga shan mai kamar raƙumin da ya fito daga Tenere.

Na uku, iska. Lokacin hunturu ƙura na cika matacin iska. A wanke shi a kai a kai. Wasu na cire shi su yar, wai don ta ƙara gudu. Wanda ya yi haka ya buɗe wa rairayi ƙofa, rairayi kuwa shi ke cinye fistan da silinda.

In tana tashi amma ba ƙarfi, ko ɗan tudu ba ta hawa, sau da yawa salansa ce ta toshe da baƙin toka. A kwance ta a fid da tokar. Ƙofar hayaƙi da ke jikin silinda kuma a kankare ta da ɗan icce mai ƙarfi. Kada a sa wuƙa, don kada a ƙarce cikin silinda.

Akwai aikin da ba na gida ba ne. In wuta ta ɓace, ko tana ɗaukewa in inji ya yi zafi, matsalar tana ƙarƙashin faifan wuta da ke gefen inji. Can ne ƴan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa suke, tare da kwandansa. Nan akwai tarko. A Motobécane, notin da ke riƙe wannan faifai juyin hagu gare shi: inda sauran notuna ke ɗaurewa, nan shi yake kwancewa. Yaron makanike da ya saba da sababbin babura kaɗai yana iya murɗa shi da ƙarfi har ya lalata sandar inji. Ƙaramin gyara ya zama babba. Don haka a nemi tsohon makanike da ya yi zamani da ita. Akwai su a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Ƙonni, da Yamai. In da hali, a tura yaro ɗaya daga gari ya zauna wurinsa ya koya, tun waɗannan tsofaffi suna da rai.

SARƘA, BEL DA BIRKI

Mobileti tana da sarƙa biyu, ɗaya ta inji, ɗaya ta feda. A ƙasa mai rairayi, in an cika wa sarƙa mai, rairayi ya manne, ya zama kamar dutsen niƙa. A wanke ta da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mata mai kaɗan, a goge saura.

Bel kuwa, wato ɗamarar roba da ke tsakanin inji da babban faifai, ba ta son mai ko kaɗan. In ta tsattsage, a sake ta tun ba ta tsinke a daji ba.

Birki ba wurin tsimi ba ne. Wayar birki da ta fara warwarewa a sake ta ran nan. Fitila ta kama kafin a yi tafiyar dare. Mahayi ya sa hular kwano. Mobileti kuma ba jaki ba ce: in an ɗora mata mutum biyu da buhu da rago, ƙafar baya ce za ta fara kuka.

INA AKE SAMUN KAYANTA?

Ko da an daina ƙera ta a Faransa, kayanta ba su ƙare a duniya ba. Iri uku ne.

Iri na farko, tsohon ajiya: kayan asali da ba a taɓa sa su ba, suna kwance a shagon wani tsohon ɗan kasuwa. Su ne suka fi, amma sun yi wuya. Sai dai abin roba, kamar bel da taya da tiyo, in ya daɗe a ajiye yana bushewa ko ba a yi aiki da shi ba. A lanƙwasa a gani kafin a biya.

Iri na biyu, sabon kwaikwayo. A Faransa akwai mutane da yawa masu son tsofaffin mobileti, suna gyara su suna ajiyewa, don haka har yau ana ƙera fistan, da zobbansa, da bel, da karbirato irin nata. A cikin kwaikwayo akwai nagari, akwai na banza. Kwali mai kyau ba shaida ba ce.

Iri na uku, na kwance: kayan da aka cire daga wata mobileti da ta mutu. A nan ne talaka ya fi samun biyan bukata. Wurin nema shi ne wajen masu tsohon ƙarfe, kamar kasuwar Katako a Yamai, ko Ƙofar Ruwa a Kano, da kuma bayan garejin tsofaffin makanikai. Ƙafa, da salansa, da sirdi, da faifai, da murfin inji, duk na kwance suna yi. Amma zobban fistan, da wayar birki, da robobin da ke toshe bakin sandar inji, waɗannan sai sababbi.

Ga dokoki huɗu na mai zuwa kasuwa.

1. A tafi da tsohon abin a hannu. A aza shi kusa da sabon, a gwada tsawo, da fāɗi, da ramukan kusa. Kwatance da baki ba ya sayen kayan inji.

2. A karanta lamba da harafi. Fistan ɗin Motobécane fāɗinsa milimita 39 ne, na Peugeot 103 kuwa 40. Sandar da ke riƙe fistan, ta Motobécane milimita 13 ce, ta Peugeot 12. Ido ba ya ganin bambancin milimita ɗaya, amma inji yana ganinsa. Bayan haka, a Motobécane akwai harafi da ake bugawa a kan fistan da jikin silinda. Harafin sabon fistan ya dace da na silinda. Wanda ya iya karatu ya rubuta harafin a takarda tun daga gida. Wanda bai iya ba tukuna ya tafi da wanda ya iya.

3. A yi sharaɗi gaban shaida. Mai saye ya ce: "Alhaji, in na kai gida bai shiga ba, zan maido maka ran kasuwa mai zuwa." In mai shago ya ce: "Na yarda, Malam, muddin ba a ɓata shi ba," to ciniki ya yi. In ya ƙi, a gaba akwai wani shago.

4. A karɓi tsohon abin da makanike ya cire. Shi ne samfurin gobe, shi ne kuma shaidar cewa an sake shi da gaske.

Akwai abin da ba sai an je birni ba. Takardar da ake sawa tsakanin silinda da gindin inji, ana iya yanka ta daga kwali marar kauri. Maƙerin gari yana gyara feda, da mazaunin kaya, da ƙafar jingina. Mai walda yana like salansa. Amma kada a bari a kai wuta kusa da tanki. Tankin da babu mai cikinsa ma yana da tururin esansi, yana iya fashewa ya kashe mutum.

Wata dabara kuma ta haɗin kai ce. In akwai mobileti uku ko huɗu a gari, masu su su haɗa kuɗi su sayi matacciya guda su ajiye. Wannan ya ɗauki ƙafa, wancan ya ɗauki karbirato, a rubuta abin da kowa ya ɗauka. In za a je birni, mutum ɗaya ya tafi da saƙon kowa, kuɗin mota ya zama ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A GYARA KO A BARI?

Ba kowace ce ke tashi ba. Kafin a kashe ko dala ɗaya, a duba abu huɗu.

A juya feda a ji ko inji na juyawa, yana kuma turjewa kaɗan. In yana turjewa, da sauran ƙarfi a cikinsa.

A duba ƙashin bayanta, wato babban ƙarfen da ke ɗauke da komi, musamman wajen wuya. In ya tsage a nan, rai ake magana, ba kuɗi ba.

A leƙa cikin tanki. A yawancinsu tanki cikin wannan babban ƙarfe yake, ba a cire shi daban. Tsatsa kaɗan tana wankuwa. In ta huda shi, aikin ya yi nisa.

A sa makanike ya duba cikin silinda. Fuskar cikinta wani siririn shafe ne mai ƙyalli bisa ƙarfe marar nauyi. In shafen ya ɓare, sabon fistan ba ya magani, sai wata silinda.

Bayan haka a zauna a yi lissafi a takarda: kuɗin kowane abu, da ladan makanike, da kuɗin mota zuwa da dawowa. A mai da jimlar zuwa tiyar hatsi bisa farashin ranar. Sannan maigida ya dubi rumbunsa, ya shawarci uwargida, domin ita ta san tiya nawa gida ke ci. In gyaran zai taɓa abincin da zai kai iyali damana, a dakata. Mobileti tana iya jiran baɗi, cikin yaro ba ya jira. A juye mata mai, a ɗiga man inji kaɗan ta ramin buji, a ɗaga ƙafafunta daga ƙasa, a rufe ta inda ruwa ba ya zuba.

In kuwa ta mutu ƙarƙaf, har yanzu kada a yi saurin kai ta sikeli. Mai sikeli nauyin ƙarfe kaɗai yake biya. Mai irinta kuwa karbirato yake nema, ko ƙafa, ko faifan wuta, abin da ya yi wata da watanni bai samu ba. A fara yin shela ran kasuwa.

Wanda zai sayi tsohuwa kuma, ya nemi takardunta, ya gwada lambar takarda da lambar da ke jikinta. A yi cinikin gaban maigari da shaidu biyu, a rubuta. Abin hawa marar asali yana kai mai shi inda bai yi niyya ba.

LISSAFIN WATA

Ga aiki don masu koyon lissafi, a yi shi tare da dare:

1. Wani manomi ya sayi lita 3 na esansi. Mililita nawa na man inji zai zuba? Sirinji mai lamba 10 sau nawa ke nan?

2. Mobileti tana shan lita 3 a kilomita 100. Kasuwa tana da nisan kilomita 25. Lita nawa za ta sha zuwa da dawowa?

3. Mutum huɗu sun haɗa kuɗi sun sayi gwangwanin man inji mai lita 1. Mililita nawa kowa zai samu? Rabon kowa zai isa lita nawa na esansi?

Amsa tana zuwa a fitowa ta gaba. Filin wata mai zuwa zai yi magana a kan amalanke: yadda ake kula da ƙafafunta, da yadda ake ɗora kaya ba a ji wa jaki ko sa ciwo ba.

Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, ya sa a ci amfanin gona cikin kwanciyar hankali. Amin.